Keken Hannu Ɗaya na Malam Sani

Jiya na ji ɗayanku, ku yaran rumfar nan, yana cewa keken guragu ba wani aiki ba ne, taya uku ne da kujera, duk wanda ya iya ƙera ƙofa zai gama shi kafin la'asar. Ban tanka ba saboda akwai baƙo a rumfa. Yau ga shi an ɗauke wuta, janareto kuma ba mai, to ku matso inuwa ku zauna ku ji.

Ni kaina shan inna ce ta kawo ni wannan sana'a. Ina ɗan shekara uku na yi zazzaɓi na kwana biyu, in ji mahaifiyata, da na tashi sai ƙafar hagu ta ƙi ɗaukata. Har yau da hannu a gwiwa nake tafiya, kun gani. Mahaifina fataucin fata yake yi tsakanin Illela da Ƙonni ta tsallaken iyaka. Da na tasa ya ga ba zan iya noma ba, ba zan iya bin jakai ba, sai ya haye da ni ya damƙa ni ga wani abokinsa, Malam Mudi, mai gyaran kekuna da walda a bayan tashar Ƙonni. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Shekarar farko ban taɓa injin walda ba. Ɗaure sifok na taya nake yi, da wanke ƙwallayen boris a cikin kalanzir, da miƙe bututun da ya lanƙwashe a kan uwar maƙera.

Keken farko da ya bar ni na ƙera ni kaɗai na wani mai sayar da goro ne. Na auna faɗin ƙugunsa, na auna daga kafaɗa zuwa dunƙulen hannu, na auna tsawon ƙafa. Na goge kowace gaɓa da magagari har ba ka jin tudu, na shafa koren fenti. Malam Mudi ya zagaya shi sau ɗaya ya ce in kai wa mai shi gida da kaina. Na tura shi har ƙofar gidan, mutanen unguwa suka fito suna yabawa, sai keke ya ƙi shiga zaure. Yatsa biyu ya fi ƙofar faɗi. Na dawo da shi ina gumi.

Malam Mudi ya ce, "Garba, ka auna mutum?"

Na ce, "Na auna shi, Maigida."

"Ka auna gidanai?"



Ya ce, "To a titi za shi kwana? Ko kai za ka riƙa zuwa kana ɗaukar shi zuwa ɗaki? Ɗauko zarto."

Na yanke ƙarfen baya, na rage, na sake liƙawa, fenti ya ƙone. Tun daga ranar ban sake kunna inji ba sai na je na ga zauren mutum, na ga dokin ƙofarsa, na ga ko hanyar gidansa yashi ce ko tsakuwa, na ga ta wane ɓangare yake hawa. Mai tafiya a yashi irin na ƙauyen Lafani ba a ba shi siririyar taya, kuma sai ka sassauta masa giyar sarƙa, in ba haka ba kafaɗarsa za ta mutu kafin ya kai titi.

Da na dawo Illela na buɗe wannan rumfar, yawancin masu zuwa 'yan'uwana ne na shan inna. Aikinsu shi ne mafi sauƙi. Ƙafar ta tsotse, ta yi laushi, amma tana jin zafi tana jin sanyi, ko ƙuda ya sauka mai ita ya sani. Hannuwa kuwa da ƙirji sai ka ce na ɗan kokawa. Abin kula kawai shi ne matakar ƙafa: ka yi mata baki, don ƙafar ba ta riƙe kanta, in ta zame sai ta ja ƙasa. Masu dakon kaya zuwa Ƙonni kuma ka ninka musu bututu, ka sa tayar babur a baya, don abin da suke lodawa ko jaki sai ya yi ƙorafi.

Wani tsoho, Baba Nomau, shi ya nuna mini ban gama koyo ba. Kuturta ta taɓa shi tun yana saurayi, ya sha magani ya warke, amma ƙafafun sun lalace kuma yatsunsa sun gajarce. Na yi masa keke irin na kowa, da mariƙin ƙarfe. Lokacin bazara ne. Bayan kwana huɗu ya dawo wai sarƙa tana tsalle. Ya miƙo hannu mu gaisa, sai na ga tafin hannun duk ya ɗuri ruwa, wani wurin ya fashe.

Na ce, "Baba, mi ya same ka ga hannu?"

Ya juya hannun ya duba kamar na wani ne. Ya ce, "Af. Ban ko sani ba."

Ƙarfen ne ya yi zafi a rana yana gasa shi, shi kuwa bai ji ba. Na kai shi asibiti wurin wata ma'aikaciyar jinya, Malama Hauwa, wadda take turo mini mutane in sun gama magani. Tana wanke hannun tana yi mini faɗa. Da ta gama ta zaunar da ni ta yi mini bayani da yaren da zan gane. Ta ce jijiyoyin jiki kamar wayoyin injina ne, sun taso daga ƙwaƙwalwa sun bi ta ƙashin baya sun rarrabu. Ƙwayar shan inna ta baki take shiga, ta ruwa ko abinci marar tsabta, ta je ta lalata wayar motsi ta bar ta ji. Ba aljana ba ce ta sha jinin ƙafata, kamar yadda kakata ta rasu tana faɗi. Ƙwayar kuturta ita kuma ji take fara kashewa. Sanƙarau kuwa mayafin ƙwaƙwalwar yake kamawa, shi ya sa ba ka sanin abin da zai bari a baya: wani kunne, wani ido, wani rabin jiki.

Na sassaƙa wa Baba Nomau mariƙi na itacen aduwa, na naɗe da tsumma mai laushi, na sa maɗauri na fata da zai zura hannu tun da yatsun ba sa kamawa. Na bi keken duka da tafin hannuna ido a rufe, duk inda na ji kaifi na goge. Wanda ba ya jin ciwo, kai ne za ka ji masa tun a rumfa.

Sai shekarar sanƙarau. Ku ba ku yi wayo ba lokacin. Cutar ta fara ne da zafin bazara, daga ƙauyuka, kafin mako uku ta shigo gari. Mutum zai tashi da ciwon kai da zazzaɓi, wuya ya sandare, ya ƙi kallon haske, wani kafin washegari an rasa shi. Ɗakunan asibiti suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Malama Hauwa ta zo rumfar nan da kanta da rana tsaka, idonta ja, ta ce ba su da abin rataye ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, a kan rassa suke ɗaurewa. Na kwashe bututun da na tanada don kekuna shida na yanyanka, na yi musu sanduna masu ƙafa uku da ƙugiya a sama. Da bututu ya ƙare na koma rodin gini.

A watannin nan ban ƙera keke ko ɗaya ba. Kasuwar Lahadi ta yi fayau, mutanen ƙetare suka daina hayowa. Abin da aka fi kawo mini shi ne makara. Masallatai biyu suka aiko a yi musu ta ƙarfe, wata unguwa ta kawo tsohuwa a ƙara mata ƙafa. A cikin shekarar Malam Mudi ya rasu a Ƙonni, da cutar. Aka zo aka yi wa gari allurar rigakafi, muka yi layi a rana har da ni. Da ruwan farko ya sauka abin ya fara lafawa.

Waɗanda suka rayu sai bayan damina suka fara zuwa. A cikinsu akwai Malam Sani na ƙauyen Gidan Katta, manomin albasa mai garka a fadama, mutum mai kimanin shekara arba'in. Yayansa Mamman ne ya kawo shi a kan amalanke, aka sauke shi a kan wannan bencin. Sanƙarau ya tafi da jinsa gaba ɗaya. Hannun dama ya naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule, ƙafar dama ta miƙe ta sandare. Ba irin ƙafar shan inna ba ce mai laushi. Wannan in ka ja ta, ita ma ja take yi. Hagunsa kuwa lafiya lau, hannu da ƙafa. Bakinsa ma garau, sai dai da yake ba ya jin kansa, in ya yi magana har masu faci na tsallaken titi sai sun waiwayo.

Mamman ya ce, "Malam Garba, ni ban ga amfanin wagga wahala ba. Mun ce ya zauna gida, garkatai mu noma mishi, abin da anka samu a ba iyalinai. Ya ƙi. Kwana uku bai ci tuwo ba sai da munka kawo shi."

Malam Sani yana kallon bakin yayansa. Ya juyo gare ni ya ce da ƙarfi, "Mi ya ce? Cewa ya yi in zauna ko? Wata shida ina kallon rufin ɗaki! Iri ya isa dashe, su ba su san ƙasar nan ba, gefen rijiya gishiri gare shi!"

Amsa da baki ba za ta kai masa ba. Sai na tuna yawancin manomanmu sun yi allo. Na ɗauki alli na rubuta da ajami a jikin wani fallen ƙarfe: Za mu gwada. Ya karanta, ya gyaɗa kai. Daga ranar da alli muke magana, ni in rubuta, shi ya yi ihu.

Kun san kekenmu, abin da ake juyawa da hannu biyu shi ne kuma sitiyari, duka a kan tayar gaba suke. Hannun dama yana tura, na hagu yana ja, sai su daidaita juna. Ni da gaggawata sai na cire mariƙin dama kawai na bar na hagu, na ƙara wa kujera jingina a gefe. Cikin kwana biyar na aika a kawo shi.

Muka ɗora shi a nan gaban rumfa. Mutane suka taru, don ranar kasuwa ce. Ya kama mariƙi ya tura da ƙarfin manomi. Tayar gaba ta karkace dama. Ya ja, ta dawo hagu. Ya sake turawa da ƙarfi, keke ya yi kwana, tayar baya ta faɗa kwalbati, ya kife da shi. Ina ta ihun ya tsaya, na manta ba ya ji. Hannun da zai tare ƙasa da shi shi ne naɗaɗɗen, don haka da goshi ya sauka.

Muka ɗago shi jini yana zuba har gemu. Mamman ya cire rawaninsa ya danne wurin, ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Cuta ta bar muna shi, kai za ka ƙarasa shi? Wallahi ba ya sake hawa wanga abu."

Gaskiyarsa ce. Malama Hauwa ta yi masa ɗinki huɗu. Ta fito ta same ni a baranda ta ce, "Malam Garba, ka yi wa mai hannu biyu keke ka cire hannu ɗaya. Ba ka yi wa wanga mutum keke ba tukuna."

Na bar keken a bayan rumfa mako biyu. Kullum in na gama aikin ƙofofi sai in ɗaure hannuna na dama da tsumma in hau, in yi ta kewaya fili. Na ƙara nauyi a gaba, bai yi ba. Na ɗaura roba ta riƙa jan sitiyari, ya ɗan yi, amma ba ya kwana. Sau biyu ni ma na faɗi.

Ran nan na ɗora keken a bayan mota na tafi Gidan Katta, ba don an kira ni ba. Na tarar da Mamman ya tafi fadama. Matar Malam Sani ta yi magana daga bayan zana ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Tun da ya dawo bai da zance sai na keken nan. Shigo da shi, in Yaya ya yi faɗa ni za ni ba shi haƙuri."

Na same shi a kan tabarma a tsakar gida. Na jingina keken kusa da shi, na rubuta a ƙasa da tsinke: Hannu ɗaya ba ya iya tuƙi da kwana tare. Ya karanta. Sai ya ja jiki ya matso, ya miƙa ƙafarsa ta hagu ya dafa tayar gaba da ita. Ya tura, taya ta juya dama. Ya saƙala yatsun ƙafar a sifok ya jawo, ta juyo hagu. Ya sake yi. Ya dube ni ya daka tsawa, "Wagga ƙafa mi ta yi maka da ka bar ta zaune? Da ita nika buɗe ruwa in rufe a garka, hannuna na ga guga!"

Shekara ashirin ina yi wa marasa ƙafa keke, har idona ya daina ganin ƙafa a matsayin abin aiki. Ko sau ɗaya ban yi tunaninta ba.

Na dawo na wargaza keken. Na raba tuƙi da kwana. Na ɗauke abin juyawa daga gaba na dawo da shi gefen kujera ta hagu, daidai inda hannunsa yake sauka in ya saki kafaɗa, na ja sarƙa zuwa tayar baya. A kan ƙahon tayar gaba na liƙa ɗan ƙarfe mai fita gefe, na sa masa feda da maɗaurin fata, yadda ƙafa za ta tura kuma ta jawo. Ƙafar dama na yi mata dogon komi na katako da soso a ciki ta kwanta a miƙe, don in ka tilasta mata lanƙwasa sai ta ɗau rawa. Birki na yi shi sanda, kusa da gwiwarsa. Na sauke kujera ƙasa da taƙi guda, na buɗa tayoyin baya iyakar abin da zaurensu zai bari. Sannan na sa madubin babur biyu, hagu da dama, don wanda ba ya jin hon dole ya ga abin da ke bayansa. Wannan ma ba dabarata ba ce, matarsa ce ta aiko a faɗa mini.

Gwaji na biyu ba a kasuwa muka yi ba. A hanyar fadamarsu muka yi, da hantsi, daga ni sai shi sai Mamman, wanda ya zo fuska a ɗaure ya tsaya a gefen dama da hannuwa a buɗe. Malam Sani ya zura ƙafa a maɗauri, ya juya hannu a hankali. Keke ya tafi ɗoɗar. Ya kai wurin wata bishiyar gawo, ya danna ƙafa, ya zagaye ta, ya dawo. Da ya iso gabanmu bai tsaya ba, ya wuce ya miƙe hanyar garka, Mamman yana binsa da gudu yana kiran sunansa, shi ma ya manta ba ya ji.

Ni da ƙafata ban iso ba sai daga baya. Na tarar da shi a bakin fangali yana nuna wa masu dashe da sanda, yana ihu, "Ba nan ba! Ku bar gefen rijiya! Ku tsinke kan irin kafin ku dasa!" Mamman yana tsaye yana haki. Ya dube ni ya ce, "To, Malam Garba, ka maido muna da masifa fadama." Yana faɗa yana dariya.

Bayan shi na yi irin wannan keken ga mutane da dama, har daga ƙetare ana zuwa nema, kuma kowanne sai na sake wani abu. Akwai wanda hagunsa ce ta mutu, akwai matar da wuyanta ba ya tsayawa sai da na yi mata matashi. Yanzu aikin ya ragu ƙwarai. Tun da aka dage da ɗigon rigakafi gida gida, na daɗe ban ga an kawo mini yaron da shan inna ta taɓa ba. Abokan cinikina duk sun yi furfura tare da ni. Ƙofofi da tagogi su ke ciyar da rumfar nan, kuma ban ƙi a ce haka za ta ƙare ba.

Malam Sani yana nan da ransa. Kowace shekara kafin dashe yakan zo in canja masa boris da sarƙa. Na sha rubuta masa cewa ya bari in yi masa sabo, ya ce wannan ya san shi. Bara ya zo da jikarsa, 'yar shekara huɗu, Hafsatu, a zaune a kan cinyarsa. Ya ce in liƙa mata kujera a baya, shi yake kai ta makarantar Islamiyya kuma tana hana shi ganin hanya.

Na ɗora ta a benci in auna ta. Yarinyar nan ba ta tsaya ba ko na ƙiftawar ido. Ta harbi tef ɗin awo, ta harbi gwangwanin boris ya watse, ta harbe ni a gwiwa mai lafiyar. Na ga in na bar ta haka a bayan keke, ƙafar nan sai ta shiga sifok. Na yanko raga ta ƙarfe na rufe tayoyin baya ta ciki, na yi mata mataka mai bango, na sa ɗan maɗauri a idon sawu.

Malam Sani ya duba ya ce, "Wanga kuma na mi ne?"

Na ɗauki alli na rubuta masa: Ƙafarta ta cika motsi.

Ya karanta, ya dubi ƙafafun yarinyar suna ta dukan katako, ya dubi tawa, ya dubi tasa. Sai ya ce, a hankali, yadda ban taɓa jin muryarsa ta sauka ba, "Cire maɗaurin, Malam Garba. Bar ragar kawai. Bar ta ta yi ta harbi."

Na cire.